Kafin igiyar dillali ta riga mu



Maganarmu ta yau ta iyaye ce da 'ya'yansu masu shirin cike takardar JAMB, musamman na ƙasar Gumel, wato Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. In ka tare ɗan aji shida na sakandare ka tambaye shi abin da yake son karantawa, zai ce maka likitanci ko lauya ko injiniya, in mace ce ta ce aikin jinya. Da wuya ka ji wanda ya ambaci tsara birane da karkara. Da yawa daga cikin masu karanta shi ma ba shi suka nema ba, sun rasa gurbi ne a zanen gine-gine ko wani fannin, jami'a ta tura su can. Ni kuwa a ganina, cikin fannonin da yankinmu yake ƙishirwarsu yau, wannan yana sahun gaba, kuma ina so kafin mu rabu ku ga dalili.

Mu ɗauki Gagarawa Tasha. A shekarar 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Turawa sun ja shi ne don kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro zuwa bakin teku. Bai ratsa Gumel ba, bai ratsa Haɗeja ba, duk da su ne manyan garuruwan sarauta. Duk inda aka ajiye tasha kuwa, sai sikeli ya zo, kanti ya biyo, 'yan dako da masu sayar da abinci suka kafa rumfa, rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida, kafin a ankara gari ya tashi. Tsohon gari yana gefe yana kallo. Da cinikin gyaɗa ya durƙushe bayan farin shekarun 1970, jirgi kuma ya yi ta ja da baya har kaya suka koma bayan manyan motoci, sai kasuwa ta bi kwalta ta bar dogo. Wanda ya ja wancan layi a takarda bai zauna da kakanninmu ya ji ta bakinsu ba, amma shi ya yanke inda dubban mutane za su zauna, su yi aure, su haihu, a binne su.

Abin bai wuce ba. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Kowace tasha da za a gina a kan wannan layi gari ne mai zuwa. Dillalan filaye sun san haka sarai. Tambayar ita ce, wa zai riga isa wurin, mai taswira ko mai igiya?

Mai saurare ya san awon igiya, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Gona ce a bakin gari, mai ita ya rasu, magada suka ce a raba ko a sayar. Sai dillali ya zo da igiyarsa da turakunsa, ya yanka ta ƙafa hamsin-hamsin, ko hamsin da ɗari ga mai ƙarfi. Duk taƙin da ya bari na hanya asara ce a wurinsa, don haka sai ya matse lungu iya matsewa. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba a bar wa ruwa hanya ba. Shekara goma, unguwa ta cika maƙil. Mace ta tashi da naƙuda cikin dare, mota ba ta shiga, sai a ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Gobara ta tashi, motar kwana-kwana ta tsaya can nesa ana kallonta tana kallon wuta. A zo kawo wutar lantarki, a rasa inda za a kafa turke. A zo haƙa rijiyar burtsatse, a tarar shaddar maƙwabci ce a kusa da ita. Kududdufin da iyayenmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, wanda shi ne yake shanye ruwan unguwa da damina, an cike shi da shara an yanka shi fuloti. To ruwa ba ya karanta takardar ciniki. Inda ya saba kwanciya nan zai kwanta, ko da an sa masa tayil.

Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa, yadda ta ci gidaje da gonaki a yankin Ringim da Haɗeja da Kafin Hausa. Su can kogi ne ya yi musu yawa. Mu a nan arewa ba mu da babban kogi, amma ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya kwantar da katangar ƙasa idan an toshe masa mafita, kuma duk wanda ya zauna a gari ya ga hakan da idonsa.

Kada a ɗauka dillali nake zagi. Dillali gurbi ya samu ya shiga. Talaka yana son matsuguni, filin gwamnati ba ya isa kowa, takardarsa tana da tsada tana kuma da jan rai, ga iyali na ƙaruwa. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum miliyan 4 a Jigawa, kuma yaran da aka haifa a wannan shekarar yau sun kai neman nasu ɗakin. Wani ne zai auna musu, ko da ilimi ko babu.

Doka ba ta rasa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a matakin tarayya da na jiha, har da kowace ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Ke nan maganar garuruwanmu tana Dutse, ba sai an je Abuja ba. Jigawa tana da hukumar raya birane, tana da hukumar raya babban birninta. Amma jiha ce mai ƙananan hukumomi 27, kuma ma'aikacin da ke zaune a Dutse ba zai san ranar da aka buga turke a bayan garin Sule Tankarkar ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum mai ilimin aikin, wanda yake kwana a garin, ya san mai unguwa, ya san inda ruwa yake bi.

To mene ne ake koyo a wannan fanni? A mafi yawan jami'o'inmu shekara biyar ake yi. Akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da jami'ar fasaha ta Minna, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Wanda bai samu jami'a ba, akwai hanyar kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, ya yi ƙaramar difloma ya yi babba. Galibi ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da labarin ƙasa, sannan a duba littafin JAMB na shekarar domin kowace jami'a tana da ɗan bambancinta.

Ɗalibi zai fara da zane da karatun taswira da awon ƙasa. Zai koyi ƙididdigar jama'a, yadda za a ce gari mai mutum kaza yau, nan da shekara 20 zai buƙaci aji nawa, gadon asibiti nawa, ruwan sha lita nawa a wuni. Zai karanci dokar ƙasa da tattalin arziki da zirga-zirgar ababen hawa da gidaje da kwashe shara da muhalli. Zai zauna gaban kwamfuta ya koyi haɗa hoton tauraron ɗan'adam da bayanan da aka tattaro a ƙasa, abin da ake kira GIS. Amma zuciyar karatun tana ɗakin zane. Nan ake ba rukunin ɗalibai unguwa ko ƙaramin gari, su fita da ƙafa su ƙirga gidaje, su auna faɗin lungu, su yi hira da mazauna, su dawo su kwana suna zane, sannan su tsaya gaban malamai su kare kowane layi da suka ja. Me ya sa ka ajiye makaranta a bakin babban titi? Ina mayanka take, kuma iska daga ina take kaɗawa? Ruwan wannan kwarin ina ka kai shi? Wanda ya sha irin waɗannan tambayoyi shekara biyar, ba zai sake kallon gari yadda yake kallonsa da ba. A shekara ta huɗu akwai watanni shida na koyon aiki a ma'aikata ko kamfani, a ta ƙarshe kuma ɗalibi ya rubuta kundin bincikensa.

Iyaye su sani, karatun yana da ɗan cin kuɗi. Akwai takardun zane da bugu da tafiye-tafiyen gani da ido, kuma ba makawa sai da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi. Asusun lamunin karatu da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024 yana rage nauyin kuɗin makaranta, amma kwamfuta sai gida sun yi shiri.

Bayan digiri da bautar ƙasa, ba a nan take mutum yake zama cikakken mai tsara gari ba. Akwai ƙungiyar masu sana'ar, NITP, wadda aka kafa a 1966, akwai kuma hukumar rajistarsu, TOPREC, wadda doka ta kafa a 1988. Sai mutum ya yi aiki ƙarƙashin na gaba da shi, ya ci jarrabawarsu, sannan ya samu hatimin da zai sa hannu a kan tsari. A kuma bambanta shi da 'yan'uwansa. Safiyo shi ne mai auna iyaka ya dasa dutse. Mai zanen gini ruwansa da gida ɗaya, ɗaki nawa, taga ina. Mai tsara gari shi ne yake cewa nan gidaje, can kasuwa, ga hanya, wannan kwarin kuma kada kowa ya taɓa shi.

Yanzu ga tambayar da na san kowane uba yana jira: in ya gama, aikin me zai yi? Gaskiya ɗaya ce, kujerun gwamnati ba su da yawa. Akwai ma'aikatun ƙasa da gidaje na jihohi, akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA a Kano, akwai hukumar raya Abuja, akwai hukumomin da ke mai da rajistar filaye cikin kwamfuta kamar AGIS da KANGIS, amma ba kullum suke ɗauka ba, kuma masu nema sun fi guraben yawa. Duk wanda ya ce wa ɗansa takardar nan kaɗai za ta ba shi ofis, bai gaya masa daidai ba. Inda ƙofa ta fi buɗewa shi ne wajen wanda hannunsa ya faɗa da taswirar kwamfuta. A yaƙin da aka yi da shan inna, wanda ya kai ga ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, wani babban ɓangare na aikin taswira ne: gano kowace ruga da kowane ƙauye da ba ya cikin tsohuwar takarda, domin masu allura su isa. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Hukumar ƙidaya tana buƙatar masu yanka yankunan ƙirga. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa yana tafiya ne a kan taswira. Hukumomin agajin gaggawa da ƙungiyoyin da ke tsugunar da 'yan gudun hijira a Barno suna neman wanda ya san yadda ake shata sansani da sake gina unguwa, balle bayan ambaliyar madatsar Alau da ta shiga Maiduguri a Satumban 2024. Kamfanonin gina rukunin gidaje da masu kafa gidan mai ko masana'anta suna biyan masu tsara gari su rubuta musu rahoton wuri da na tasirin aiki ga muhalli, domin doka ta wajabta shi tun 1992. Ga koyarwa ga mai sha'awar ci gaba da karatu.

Ina so 'yan mata su ji wannan da kyau. Rabin bayanan da mai tsara gari yake nema yana cikin gida, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Mace ce ta san nisan famfo, ta san ƙarfe nawa ruwa yake ɗaukewa, ta san lungun da yara suke tsoron bi zuwa Islamiyya, ta san inda ruwan wanke-wanke yake taruwa sauro ya yi gida. Tsarin da aka yi ba a ji ta bakin matan gari ba, da gurguntarsa yake fitowa. Yarinyar da take son lissafi da zane, iyayenta su bar mata wannan ƙofar a buɗe.

Akwai abin da ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da masu wannan aiki, kuma suna da hujja. Talaka bai san su ba sai ranar da suka zo da jan fenti suka yi wa katangarsa alama. Mutanen Abuja ba su manta rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista tsakanin 2003 da 2007 ba, Kanawa ma sun ga nasu a 2023. Tun asali ma, tsarin zamani da Turawa suka kawo da dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 na raba mutane ne: ga unguwar Turawa, a bar fili fetal na yadi 440, sannan 'yan ƙasa. Manyan tsare-tsaren da suka biyo baya kuma baƙi ne suka zana, na Kano da Trevallion ya yi a 1963, na Kaduna da Max Lock ya yi a 1967, na Abuja da wani kamfanin Amurka ya miƙa a 1979. Amma tsara gari bai zo mana a jirgi ba. Waɗanda suka gina ganuwar Kano sun bar gonaki a cikinta saboda ranar da maƙiyi zai tsare ƙofa. Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15. Marina da maƙera kowa da ɓangarensa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan indararon da yake zuba a gidan maƙwabci, da tagar da take leƙa tsakar gidan wani, da wanda ya ci hanya da dakalinsa. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan a zaure, rabin karatun yana kansa. Kuma shi ne zai fahimci cewa ranar da katafila ta fito, aikin ya riga ya ɓaci tun shekaru goma baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku dubi Maigatari ranar Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, tireloli jere suna jiran lodi zuwa kudu, masu hatsi, masu canji, masu abinci, duk a gari ɗaya a wuni ɗaya. Ina tirela za ta kwana ba ta tare hanyar asibiti ba? Ina dabbobi za su sha ruwa? Burtalin da suke bi su shigo, an shata shi a takarda, ko gona tana cinsa kaɗan-kaɗan har ranar da za a yi faɗa? Yankin ciniki maras haraji da aka kafa a garin zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta yaya zai haɗu da kasuwar da hanyar Gumel? Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, garin ya ji a jikinsa, kuma wannan ma tambaya ce ta mai tsarawa: me gari zai dogara da shi ranar da ƙofa ɗaya ta rufe?

Sai batun da ya fi taɓa Gagarawa. Mai saurare yana tune da gonar rake ta kamfanin Lee, mai faɗin kusan hekta 12,000, wadda ta shafi Gagarawa da maƙwabtanta, da irin taƙaddamar da aka yi a kan gonaki da diyya. Ban zo nan don in ce wane ne da gaskiya ba. Abin da ya dame ni shi ne teburin da aka zauna. Kamfani ya zo da masanansa da taswirarsa, gwamnati ta zo da nata. Manomi ya zo da saninsa na cewa daga wancan kuka zuwa waccan tsamiya gonar kakansa ce. Sanin nan gaskiya ne, amma ba ya shiga fayil sai an mai da shi taswira mai lamba da awo. Da a ce akwai 'ya'yan garin biyar masu wannan ilimi a gefen iyayensu, da sun iya nuna ga makiyaya, ga mashaya, ga maƙabarta, ga iyalai nawa ke ci daga wannan fili, su kuma tambayi inda ma'aikatan gonar za su zauna, da wa zai kai musu ruwa da makaranta. Irin wannan zama zai sake zuwa, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, masu jari kuma suna kallonta, ko don noma ko don wutar hasken rana.

Wanda zai shiga wannan aiki ya shirya wa jarrabawar da ba a rubutawa a takarda. Wata rana mai kuɗi zai zo yana son a mai da filin makaranta shaguna. Wata rana waya za ta zo daga sama a ce a sa hannu. Sa hannun minti ɗaya yana iya hana unguwa guda filin wasa har jikoki. Iyaye in za ku tura, ku tura mai tsoron Allah wanda idonsa ba ya rufewa in ya ga kuɗi.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ku kuɗinku kai tsaye, ɗaukar mai tsara gari ɗaya ko biyu bai fi ƙarfinku ba, kuma albashinsu na shekara bai kai kuɗin gyaran kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye ba. Ku ba su babur da kwamfuta, ku haɗa su da hakimai da dagatai da masu unguwanni, a yi ƙa'ida cewa duk gonar da za a yanka a bakin gari sai sun duba, sun fitar da hanya da magudanar ruwa da filin jama'a, cikin mako biyu, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Dillali ma a jawo shi ciki, domin fulotin da mota take isa ƙofarsa ya fi daraja a kasuwa. Masarautar Gumel da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu kuwa, in ana rabon tallafin karatu, a ware wa wannan fanni gurbi da sunansa.

Kai kuma ɗalibi, in kana aji huɗu na sakandare, kada ka yar da darasin labarin ƙasa lokacin zaɓen darussa, domin rashinsa ne yake hana da yawa shiga wannan fanni daga baya. In makarantarku ba malaminsa, iyaye su je su gaya wa shugaban makaranta tun yanzu. In kana da waya mai intanet, buɗe OpenStreetMap ka nemo garinku, ka ga titunan da aka sa da waɗanda ba a sa ba, domin kowa yana iya yin rajista ya ƙara abin da ya sani. Manhajar QGIS kyauta ce, in ka samu aron kwamfuta a shagon buga takardu ko wajen wani yayanka, fara taɓa ta kafin sakamakon jarrabawa ya fito.